Karan da Ya Ɓuya a Bayan Idon Saudatu

Na ji abin da kuka faɗa jiya a baranda, ba ku san ina bayan labule ina wanke kayan aiki ba. Wai ɗakin ido wurin hutawa ne: a ɗiga wa tsoho magani, a nuna wa yaro allon haruffa, a tashi kafin azahar. Ban ji haushi ba, ɗalibai ne ku, kuma waɗanda suka zo kafinku ma haka suka ce. Ku jawo bencin nan ku zauna tun layi bai taru ba. Ni Rabi, wadda mutanen ƙauyukan nan ke kira Sista Rabi mai ido, na shigo ƙaramin asibitin nan tun gashina yana baƙi wuluk, kuma abin da na gani a fuskokin yara a wannan ɗaki, da za a ba ku labarinsa a kasuwa cewa za ku yi ƙarya ce.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Malam Modu, nas ɗin ido ne shi ma, Babarbare da iyayensa suka zauna a Kano tun kafin a haife shi. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma ba ya gaggawa ko da gini ne ke rushewa. Farkon zuwana bai bar ni na taɓa idon kowa ba. Tocila kawai ya miƙo mini, ya ce in haska in faɗa masa abin da na gani. In na ce, "Ido ya yi ja," sai ya ce, "Wannan ko mai tallan goro ya gani. Sake dubawa." Haka na yi ta haskawa har na iya ganin yadda ɗan baƙin tsakiyar ido ke tsukewa in haske ya doke shi, da yadda yake ƙin motsi in akwai mugun abu a bayansa.

Aikin farko da ya nuna mini bayan na shigo, wani yaro ne ɗan firamare da aka kawo da hantsi a kan keke. An tashe su hutun tara, ya fito da gudu da fensir a hannu, ya yi tuntuɓe. Fensirin ya shige ta ƙarƙashin gira, kusa da karan hanci, ya tsaya cak, gindinsa yana waje yana rawa duk sanda yaron ya motsa fuska. Jinin da ya fita bai cika cokali ba. Yaron ma ba kuka yake ba, kallonmu kawai yake da ɗaya idon. Malaminsu da ya kawo shi, riga sharkaf da gumi, sai roƙo yake yi.

"Don girman Allah ku zare masa kafin mahaifinsa ya zo ya gan shi haka."

Da ya ga ba mu motsa ba, sai ya miƙa hannu zai zare da kansa. Malam Modu ya cafke wuyan hannun.

"Malam, yaya tsawon fensirin nan yake kafin ya shiga?"

"Sabo ne, yau da safe na fere masa."

"To dubi abin da ya rage a waje."

Malamin ya duba. Ya sake dubawa. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya zame ya zauna a ƙasa daɓas.

Malam Modu ya ɗauko kofin roba, ya yanke gindin kofin da almakashi, ya tokare fensirin da naɗin bandeji dama da hagu, ya kifa kofin a kai, ya manne da filasta. Ya ce in naɗe hannuwan yaron da zane don kada ya kai su fuska, kuma kada a ba shi ko kurɓin ruwa, domin allurar barci ba ta son cikakken ciki. A haka aka tafi da shi birni. A can ɗakin tiyata aka cire, likitan ƙwaƙwalwa yana tsaye a gefe. Yaron ya dawo da idanunsa biyu. Da an zare a nan, in ji Malam Modu, abin da fensirin ya toshe shi zai ɓalle, kuma ba mu da hannun da zai kai can ciki ya tsayar da jini.

Washegari ya zo da ƙoƙon kan rago da ya karɓo wurin mahauta, an dafe an kankare. Ya ce ba daidai yake da na mutum ba, amma zai isa darasi. Ya fitar da ni tsakar asibiti, ya ɗaga ƙoƙon sama, ya ce in leƙa ta kwarmin idon. Na leƙa, na ga hasken rana yana ratso ƙashin kamar ta cikin tsohon ƙyalle. Ya ce, "A yaro ya fi wannan rashin kauri. Kwarmin ido kamar mazurari yake, faɗi a baki, tsukakke a ciki. Abu mai tsini in ya zo, ƙwayar ido takan goce masa, shi kuwa ya bi bango ya zarce. Daga rufin nan sai ƙwaƙwalwa, babu wani zaure a tsakani." Daga ranar ban ƙara raina ƙaramin rauni a fatar idon yaro ba.

Kayan aikin ga su nan a faranti, ba su da yawa. Tocila, da gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a goshi, da 'yar ƙugiyar nan mai ɗaga fatar ido in ta kumbura ta ƙi buɗuwa, da hantsaki, da almakashi. Hantsakin nan shi ya fi ruɗar sabon ma'aikaci, don da ka riƙe shi hannunka ƙaiƙayin cire abu yake yi. Na cire ƙaiƙayin gero da shi, na cire fiffiken ƙwaro, na cire gashin ido da ya juya ciki. Abin da ya wuce fata ya nutse kuwa, ba nasa ba ne. Kofunan robar da kuke gani a saman kabad kuna zaton na shan ruwa ne, to ba na sha ba ne.

Mutanenmu kuma sai kun koyi zama da su. Ba wanda yake zuwa nan da farko. Sai an ɗiga nonon uwa, an sa kwalli, an gwada ruwan albasa, an je kemis an sayo man shafawa, sannan a hau babur a zo. Kada ku yi musu faɗa, in kun yi ba za su faɗa muku gaskiyar abin da aka sa ba, kuma gobe ba za su dawo ba. Na ga tsinken tsintsiya, na ga ƙayar aduwa, na ga wayar ƙafar keke da yara ke lanƙwasawa su yi mota, na ga kibiyar wasa. A cikinsu duka ƙarfe ne mai gaskiya, in an ɗauki hoto zai fito fari tas ya ce ga ni. Itace da kara ba sa fitowa a hoton ƙashi. Su shiga, su karye, fata ta rufe a kansu, su kwanta suna ruɓewa.

Muguwar shekarata ta zo bayan Malam Modu ya yi ritaya ya bar mini ɗakin. A shekarar kara ya yi daraja, masu dabbobi da masu danni suna bi gona-gona suna nema. Maimakon a sare dawa daga gindi a kwantar kamar yadda aka saba, sai mutane suka riƙa sara da adda a tsaye, cikin sauri, a karkace. Gonaki suka cika da tushiya mai tsini, tsayinta ya kai gwiwar babba, kai ka ce an kafa masu. Wake kuma ya yi kyau a wannan kakar, aka tura yara roro a tsakanin tushiyar. Tun daga ɓangaren Makoda har na Minjibir aka yi ta kawo mini su: wanda ya tsage gira, wanda ya huda kunci, wanda ƙwayar idon ta fashe tun a gona. Waɗannan duk ana ganin ciwonsu. Na Saudatu ne ba a gani.

Ranar wata kasuwa da safe wata tsohuwa ta shigo da yarinya goye a baya, duk da yarinyar ta wuce goyo, za ta yi shekara shida. Tsohuwar ta ce sunanta Dije, daga wani ƙauye a bayan Makoda, yarinyar jikarta ce, 'yar ɗanta Habu. Uwar tana jego, uban ya kai wake Dawanau. Ta sauke ta, ta yaye ɗankwalin da aka rufe mata fuska da shi. Idon hagu ya kumbura ya turo gaba, fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mai, jikinta zafi rau.

Na ce, "Inna, me ya same ta?"

"Zakara ne ya sare ta, 'yar nan, tun ana tsakiyar roron wake. Ɗan ƙwarzane ne, har ya warke. Zakaran ma mun yanka shi. Sai daga baya abu ya dawo kamar maruru, ya fashe ya zubar da mugunya, ya rufe, ya sake tasowa. Yanzu cewa take tana ganina biyu."

Na ɗaura gilashi, na ɗaga fatar a hankali. A cikin lanƙwasar fatar sama, inda ba a gani sai an buɗe, ga wata 'yar ƙofa kamar hudar allura, bakinta ya yi jan tsiro, mugunya tana tsattsafowa. Na ce ta bi yatsana da ido. Na dama ya bi, na hagu ya ƙi ɗagawa sama. Na haska tocila, ɗan baƙin ya motsa da ƙyar. Bakin zakara ba ya kai inda zai hana ido juyawa, kuma ciwon da ke rufewa yana buɗewa, akwai abin da jiki ke son fitarwa ya kasa.

Na ce wa Inna Dije ta je ta sha iska a waje. Na miƙa wa yarinyar tocilar, ta yi ta kunnawa tana kashewa. Da ta saki jiki na ce, "Saudatu, zakaran nan a gona yake ko a gida?"

Ta kashe tocilar. Can ta ce, "Ba za ki gaya wa Baba ba?"

"Zan gaya masa, amma ba zai dake ki ba. Ni na tsaya miki."

"Ya hana mu tsere a gona. Mun yi tsere da 'yar gidan kawu, na faɗi, kara ya soke ni. Na cire shi da kaina." Ta ƙara kunna tocilar. "Da na ciro shi, bakinsa babu."

Na kira likitanmu, na faɗa masa. Ya duba ta, ya ce shi ma abin da yake zato ke nan. Ya sa aka yi mata allurar rigakafin sandarewar jiki, aka ɗaura mata ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a ɗauki hoton ƙashi ko da ƙarfe ko tsagewa za ta nuna, kafin a tura ta birni. Hoto ya fito fes, babu komai, kamar yadda muka yi tsammani.

Bayan azahar sai ga uban, Malam Habu, an yi masa waya ya taso daga Dawanau, ƙurar wake har a gemunsa. Mutum ne mai natsuwa, ya gaishe mu da ladabi, ya saurari likita har ƙarshe. Sannan ya ɗaga hoton ya kalli taga da shi.

"Likita, ni ban yi boko ba, amma ka ce wannan na'ura tana ganin cikin mutum. Ta duba ta ce babu komai. Yanzu kuma ku ce in kai yarinya birni a tsaga mata fuska a nemo abin da ba a gani ba? Maruru ne. Akwai wanzami a garinmu, sakiya ɗaya zai yi ya huce."

Likita ya yi masa bayanin kara da hoto. Ni ma na faɗa masa abin da yarinyar ta ce, na roƙe shi kada ya yi mata faɗa. Ya girgiza kai.

"Sista, kara fa. Karan da akuya ke taunawa. Ai da ya shiga da tuni ya narke."

Ana cikin haka na lura yarinyar ta daina wasa, ta kwanta lamo, haske ma ba ta so. Na sa hannu a ƙeyarta na ce ta sunkuyo ta taɓa ƙirji da haɓa. Ta ƙwalla ƙara, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Likita ya dubi Malam Habu ya ce, "Malam, maganar ido ta wuce. Ciwon ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. In wanzami ya sa aska a nan, ko kuka koma gida da ita, ina tsoron ba za ta ga wata kasuwar ba."

Malam Habu ya tsaya da hoto a hannu. Inna Dije ce ta miƙe, ta kwance zanen goyo daga ƙugunta.

"Habu."

"Na'am, Inna."

"Ni na goya ka, ni zan goya wannan. In za ka biyo mu, bismilla. In wurin wanzami za ka, ka je ya yi maka aski."

Ta juya mini baya ta durƙusa, ta ce in ɗora mata ita. Malam Habu ya fita neman mota.

Likita ya ce in raka su saboda ruwan da ke hannunta. Muka samu ƙaramar motar haya, na zauna a baya na ɗaga ledar ruwan da hannu ɗaya, kan yarinyar a cinyar kakarta. Wajen Dawanau manyan motocin hatsi sun cushe hanya, rana tana dukan rufin mota, yarinyar ta yi amai sau da yawa, ta fara kiran sunan uwarta tana magana da mutanen da ba sa wurin. Malam Habu ya fita da kansa, yana buga jikin motoci yana cewa, "Marar lafiya! Don Allah marar lafiya!" har 'yan dako suka taya shi buɗe mana hanya.

A babban asibitin birni aka sa ta a na'urar nan mai kama da bakin rijiya, wadda ke ɗaukar hoton kai yanki-yanki. Likitar ido, wata mace siririya mai magana a hankali, ta kira ni da uban gaban allo. Ta nuna wani baƙin layi da ya taso daga bayan fatar ido, ya bi ta saman ƙwayar, ya miƙe har rufin kwarmin.

Ta ce, "A hoto busasshen kara kamar iska yake fitowa. Amma iska ba ta miƙewa sambal haka kamar an ja ta da rula. Ga kuma inda ƙashin ya tsage."

Malam Habu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya ce, "Wannan duk a cikin kanta yake?" Ta ce e. Ya sa hannu a takardar izini ba tare da ya sake tambaya ba.

Da safe aka shiga da ita, bayan an kwana ana yi mata allurai zazzaɓin ya ɗan sauka. Da yake ni ma'aikaciyar ido ce, suka ba ni riga na tsaya a baya. Likitan ƙwaƙwalwa yana gefe, hannuwansa a wanke, ko da za a buƙace shi. Likitar ta tsaga ta cikin lanƙwasar fatar, daidai 'yar ƙofar nan. Mugunya ta yi tsartuwa, wari ya cika ɗakin duk da ƙyallen da ke hancinmu. Aka zuƙe. Ta sa hantsaki mai dogon baki, ya shiga, ya ƙara shiga, har na ga rabinsa ya ɓace a fuskar yarinya ƙarama. Sai ta tsaya. Ta ce, "Na taɓa shi."

Ta fara ja a hankali, kamar mai zare zare daga ɗinki. Baƙin abu ya leƙo. Ta ja, yana fitowa. Ta ƙara ja, bai ƙare ba. Mai ba da allurar barci, wanda ya tsufa a ɗakin tiyata, ya leƙo ta saman labule ya ce, "La'ilaha illallahu!" Wata nas ta ja da baya har ta ture bokiti. Da ya gama fitowa aka ajiye shi a kwanon ƙarfe, ya yi ƙara kamar an jefa ƙashi. Ɓallin karan dawa ne, ya sha ruwa ya yi baƙi, ya ɗara ƙaramin yatsana tsawo, bakinsa a fiƙe kamar alƙalami. Da wannan abin a kanta yarinyar ta yi ta kwana tana tashi, tana zuwa ɗiban ruwa, tana cin tuwo, tun ana roron wake.

Aikin bai ƙare nan ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba a ba da labarinsa. Jiƙaƙƙen kara yana saɓulewa, ya bar sartse. Likitar ta yi ta wankewa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, wani bai fi gashi kauri ba, domin ko guda aka bari ciwon zai dawo sabo. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba tsagar, ya ce tsinin ya fasa ƙashin ya dangana da yanar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya ƙuje ta, bai ratsa ba. Ya ce da wani ya danna wurin da ƙarfi daga waje, da ya ƙarasa shiga.

Ni na fito da kwanon na kai wa Malam Habu da mahaifiyarsa a baranda. Inna Dije ta leƙa, ta dafe ƙirji, ta yi ta salati ba ta tsaya ba. Shi kuwa ya miƙa hannu cikin kwanon. Ya ɗauki karan da yatsu biyu, ya juya shi, ya tsura wa bakin ido, wurin da adda ta shafte shi a karkace.

Ya ce, "Gonata ce. Ba wanda ya taya ni sara bana." Ya shafa tsinin da babban yatsa. "Inna, ni na fiƙe shi da hannuna."

Ta ce, "Kai dai ka gode wa Allah, Habu."

Ya ce, "Na hana ta gudu. Ban cire abin da za ta faɗa a kai ba." Ya nemi a ba shi karan. Aka wanke aka sa masa a 'yar kwalba.

Saudatu ta tashi. Zazzaɓi ya tafi, wuya ya saki, kumburi ya saɓe, idon ya koma gurbinsa har yana juyawa. Da aka sallame su suka dawo wurina wankin ciwo. Ranar da na cire bandeji na ƙarshe, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa fuskar ba, sai ɗan tabo a lanƙwasar fata. Inna Dije har ta fara guɗa. Na ce ta dakata. Na rufe idon dama da tafin hannuna, na haska na hagu, kusa sosai.

"Saudatu, me kika gani?"

"Sista, ai ba ki kunna ba."

Likitar birni ta riga ta gaya mana haka na iya faruwa: mugunyar ta daɗe tana matse jijiyar gani, kuma jijiyar nan in ta mutu ba ta dawowa. Na faɗa musu a fili, cewa idon zai zauna da kyansa amma ba zai gani ba, kuma ɗayan da ya rage a tsare shi kamar ƙwai. Inna Dije ta ja mayafi ta rufe baki. Malam Habu ya durƙusa ya ɗauki 'yarsa, ya ce, "Mun gode, Sista. Allah ya saka." Yarinyar kuwa tambaya take ko za a bar mata tocilar.

Sauran labarin a bakin Inna Dije na ji, da ta zo karɓar maganin nata idon. Ta ce ranar Juma'ar da ta biyo baya, da aka sallame salla, Habu ya miƙe a ƙofar masallaci, mutumin da ko a ɗaurin aure ba a jin muryarsa. Ya zazzage karan a tafin hannu, ya ce wannan daga cikin kan 'yarsa aka ciro shi, kuma shi ya sare shi. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Wasu suka ce ba zai yiwu ba. Sai wani dattijo ya gwada karan da yatsansa, ya riƙe daidai inda ya tsaya, ya ɗora yatsan a gefen fuskarsa daga gira zuwa baya, ya shafa wurin da ya ƙare, can kusa da kunne. Ya mayar wa Habu karansa, ya ɗauki takalmansa, ya wuce gida ya ɗauko fartanya da rigar Juma'ar a jikinsa. Ta ce kafin la'asar duk inda ka waiga a bayan gari mutane ne a duƙe suna tumɓuke tushiya.

To, ga wata can a bakin ƙofa da yaro a kafaɗa, ta rufe masa fuska da mayafi. Ke mai farin hijabi, tashi ki wanke hannu. Ki ba ta kujera, ki gaishe ta da kyau. Kada ki ɗaga mayafin tukuna, fara tambayarta a ina ya faɗi, kuma me ke hannunsa.